Daga jami'a zuwa wurin aiki: yaya za mu taimaki ɗiyanmu masu karatu a ƙasashen waje?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kowace shekara, bayan an ba da sakamakon jarrabawar bak, ɗiyan Nijar da yawa suna ɗaure kaya su tafi neman ilimi a ƙasashen waje. Wasu gwamnati ke ba su burs, wato kuɗin tallafin karatu. Wasu kuwa iyayensu ne ke biya. A ƙauyukanmu akwai gidajen da aka saida sa, ko aka ba da gona jingina, ko aka kwashe waken rumbu, don a haɗa kuɗin mota da na makaranta. Fatan kowa guda ne: yaro ya gama, ya samu aiki, ya riƙe kansa, ya taimaki gida.

To, amma ga abin da muke gani. Yaro ya gama, ya komo da babbar takarda. Shekara ta wuce, ta biyu ta kama, yana zaune. Da safe fada, da marece fada, ana dafa shayi. Iyaye sun fara gunaguni. Maƙwabta suna cewa ina amfanin boko. Wani in ya gaji sai ya bi hanyar Agadas, ya nufi Libiya ko Aljeriya ci-rani, da takardarsa cikin jaka. Wani ma tun can bai komo ba.

Tsakanin ƙofar jami'a da ƙofar wurin aiki akwai tafiya, kuma tafiyar zango-zango ce. Wanda ya san zangunan yakan isa, ko da a sannu. Wanda bai sani ba yakan ɓata shekaru a hanya. A wannan wata za mu bi zangunan ɗaya bayan ɗaya. Za mu ga aikin hukuma, da aikin yaron, da namu aikin mu mutanen karkara.

Shekara nawa, kuma ina suke zuwa?

Mu fara da lissafi. Yaro yana yin shekara 6 a ƙaramar lakwal, 4 a kwaleji, 3 a lise. Shekara 13 ke nan kafin ya samu bak. A jami'a, shekara 3 ke ba da takardar da ake kira lisansi. In ya ƙara 2, ya samu mastar. In ya ƙara wasu 3, ya zama dokta. Karatun likita shi kuma yana cin shekara 7 ko fiye. Ke nan mai mastar ya yi shekara 18 bisa benci. Maraƙar da aka haifa ran da ya shiga lakwal ta ga jikokinta tuni.

Ƙasarmu tana da jami'o'inta. Ta Yamai ta fara a 1971. A 2010 aka buɗe ta Maraɗi, da ta Damagaram, da ta Tawa. A 2014 aka ƙara ta Agadas, da Difa, da Doso, da Tilaberi. Duk da haka ana fita waje, domin wani fannin babu shi a gida, wani kuma wurin ya yi kaɗan.

Masu son likitancin bisashe da yawa Dakar suke zuwa, cikin ƙasar Senegal, inda ƙasashen Afirka suka kafa makaranta ta haɗin gwiwa a 1968. Masu koyon aikin ruwa, na rijiyoyi da madatsai da famfo, wasu suna zuwa Wagadugu. Akwai ɗiyanmu a Maroko, da Aljeriya, da Tunisiya. Masu karatun Larabci da addini suna zuwa Azhar ta Masar, ko Madina. Wasu suna tsallaka iyaka zuwa Zariya, da Kano, da Sakkwato. Wasu sun kai har Sin, da Turkiyya, da Indiya, da Rasha, da Faransa, da Kanada. Hukumar da ke kula da burs ɗin ɗalibanmu, na gida da na waje, sunanta ANAB.

Zamani riga ne

Dattawa suna tuna wani lokaci. Bayan samun ƴancin kai a 1960, masu ilimin boko kaɗan ne ƙwarai. Gwamnati ke tura yaro karatu, ita ke ɗaukarsa aiki. Duk wanda ya komo da takarda, kujera tana jiransa. Cikin shekarun 1970 kuɗin ma'adinin yuraniyom na Arlit ya ƙara wa baitulmali ƙarfi, aka yi ta ɗaukar ma'aikata.

Cikin shekarun 1980 al'amari ya juya. Farashin yuraniyom ya faɗi. Ga farin 1984. Bashi ya yi wa ƙasa nauyi. Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka ce sai an tsuke bakin aljihu. Aka rage ɗaukar ma'aikata, har aka daina ɗaukar duk mai takarda kai tsaye. A 1994 kuma aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, karatu a ƙasashe masu nisa ya ƙara tsada.

Yau masu takarda sun yi yawa, kuma masu tasowa sun fi su yawa. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Babu gwamnatin da za ta iya ba kowa kujera a ofis. Uban da ke jiran a yi wa ɗansa kamar yadda aka yi wa mushen ƙauyensu a zamanin Jori Hamani zai daɗe yana jira. Sai mu san hanyar yau.

Zango na farko: kafin a ɗaure kaya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Neman aiki yana farawa tun ran da ake zaɓen makaranta. Kafin a saida bisa ko guda, a yi tambaya uku.

Ta farko: makarantar nan, hukumar ƙasarta ta yarda da ita? Ta biyu: in yaro ya komo, Nijar za ta karɓi takardarta? Akwai wata majalisa ta ƙasashen Afirka, mai suna CAMES, wadda aka yanke shawarar kafawa a Yamai a 1968, mazauninta kuma yana Wagadugu. Tana duba karatun jami'o'i, ta faɗi takardun da ta amince da su. Ta uku: abin da yaron zai koya, wa ke bukatarsa a nan? Ƙasar da mutum 8 cikin 10 ke zaune a karkara tana bukatar masu sanin ƙasa, da ruwa, da bisashe, da lafiya, da gyaran na'ura.

A yi hattara da dillalan makaranta masu daɗin baki. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Nijeriya ya bayyana yadda ya sayi takardar jami'a daga wata makaranta a Kwatano cikin sati 6, ba tare da ya zauna aji ba. A watan Janairu na 2024 gwamnatin Nijeriya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo. Abin ya shafi har yaran da suka yi karatunsu da gaskiya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Makarantar da ta ce za ta ba da lisansi cikin shekara guda, a guje ta.

Wani abu kuma. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan. Ɗalibai baƙi da ke Khartum suka fito da abin da hannu ya iya ɗauka. Saboda haka, kowace shekara yaro ya karɓi takardar makinsa, ya ɗauki hotonta da waya, ya aiko gida a adana. Wanda ke da shaidar shekarun da ya yi yana iya neman wata jami'a ta karɓe shi ya ci gaba.

Zango na biyu: sitaj

Sitaj shi ne koyon aiki a wurin aiki. Ɗan maƙeri ba ya zama maƙeri da kallo, sai ya riƙe zuga-zugi, sai guduma ta taɓa masa yatsa. Haka mai takarda. Duk mai ɗaukar aiki, bayan ya duba takarda, tambayarsa ita ce: me ka taɓa yi da hannunka?

Wasu ƙasashe sun gane haka da daɗewa. A Jamus matasa da yawa suna raba lokacinsu biyu, wani a makaranta, wani a kamfani. Baƙon ɗalibin da ya gama jami'a a can ana ba shi wata 18 ya nemi aiki. Faransa tana ba wanda ya samu mastar wata 12, ya nemi aiki ko ya kafa sana'arsa. Kanada takan ba da izinin aiki da ke iya kai shekara 3. Ba don Allah kawai suke yi ba. Sun san wanda suka koyar zai amfane su. Dokokin nan suna canzawa, kuma kowace ƙasa da tata. Wajibi ne yaro ya tambayi ofishin ɗalibai baƙi na jami'arsa tun da sauran shekara guda, kada takardar zamansa ta ƙare yana barci.

Wanda ya samu aiki a can ya yi shekara biyu ko uku, bai yi laifi ba. Yana ƙara gwaninta, yana tara ɗan jari, yana aiko wa gida. Abin da ake so shi ne kada igiya ta tsinke tsakaninsa da ƙasarsa.

Wanda ke da niyyar komowa kuwa, ya yi ƙoƙari ya yi sitaj a gida lokacin hutu. Wurare suna nan. Akwai tashar INRAN ta Tarna, kusa da Maraɗi, inda ake binciken iri. Akwai gidan kiwon jar akuya na Maraɗi. Akwai gidan kiwon shanun Azawak na Tukunus. Akwai filayen noman rani na Ƙonni da na Jiratawa. Akwai asibitocin gunduma. A wurin sitaj ake sanin mutum, kuma sau da yawa wanda ya ga aikinka shi ke tuna ka ran da wuri ya buɗe.

A shekarar ƙarshe, kowane ɗalibi yana rubuta littafin bincike. To, ya zaɓi matsalar gida: tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi, ko ruɓewar albasa cikin rudu, ko ciwon huhu na shanu, ko rijiyar da ke ƙafewa da bazara. Mai irin wannan littafi, in ya komo, yana da abin nunawa.

Zango na uku: tantance takarda

Takardar waje kamar kuɗin waje take. Kafin ta yi ciniki a kasuwarmu sai an canza ta. A Yamai akwai ofishi mai suna OBEECS. Shi ke shirya jarrabawar bak, kuma shi ke duba takardun da aka samo a waje, ya faɗi matsayinsu a Nijar. In ba a yi wannan ba, shiga aikin gwamnati yana wuya.

Tun kafin yaro ya baro can, ya tattara kome: takardar asali, da takardun maki na kowace shekara, kowace da hatimin makaranta. In ya taho ya bar guda, komawa ɗaukarta yana iya cin kuɗin sa. Takardar da aka rubuta da Larabci, ko Sinanci, ko Rashanci, ko Turkanci, sai an kai ta wurin mai fassara wanda hukuma ta rantsar.

A nan iyaye suna da babban aiki. Kowane dosiye, wato tarin takardun neman aiki, yana farawa da takardar haihuwa da takardar zama ɗan ƙasa. In an rubuta sunan yaro iri guda a takardar haihuwa, aka rubuta wani iri a takardar jami'a, ko shekarun suka saɓa, sai an yi ta hawa da sauka kafin a gyara. Don haka duk jaririn da aka haifa, mace ko namiji, a kai sunansa ofishin magajin gari da wuri. A adana takardar inda gara da ruwa ba su kai.

Likitoci, da masu haɗa magani, da likitocin bisashe suna da ƙarin mataki. Sai sun sa sunansu cikin ƙungiyar sana'arsu da doka ta kafa kafin su fara aiki.

Zango na huɗu: bautar ƙasa, da ANPE, da kwankur

Bayan takarda ta samu karɓuwa, akwai aikin bautar ƙasa, wanda ake kira sarbis sibik. Shekara 2 ake yi. Ana tura yaro makaranta ya koyar, ko wata ma'aikata ya yi aiki, ana ba shi ɗan abin kashewa a wata. Wasu suna raina shi don kuɗin kaɗan ne. Wasu suna gudun a kai su ƙauye. Kuskure ne. Nan ne yaro ke koyon yadda aiki ke tafiya a ƙasarsa, kuma shaidar gamawa tana da amfani cikin dosiye.

Sai hukumar ANPE, mai kula da samar da aikin yi. Tana da ofisoshi a manyan biranen jahohi. Mai neman aiki yana zuwa ya rubuta sunansa, a ba shi kati. Kamfanoni da ƙungiyoyi suna kai sanarwar neman ma'aikata a can. Hukumar kuma takan sa matasa masu takarda sitaj a kamfanoni, kuma tana koya musu yadda ake rubuta takardar neman aiki da yadda ake amsa tambayoyi.

Aikin gwamnati shi kuma, yawanci ta hanyar kwankur ake shiga, wato jarrabawar gasa. Masu nema da yawa, wurare kaɗan. A saurari rediyo don jin sanarwa. Duk wanda ya zo ya ce a ba shi kuɗi zai samo wa yaro aiki ta bayan gida, a kiyaye shi. Da yawa an rasa kuɗin, an rasa aikin.

Maganar harshe

Wanda ya yi karatu da Larabci yakan komo ya iske takardun ofis da Faransanci. Haka wanda ya yi da Sinanci ko Turkanci. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ke nan wanda ya komo daga Masar ko Madina ya daure ya koyi ɗaya daga cikinsu da kyau. Wanda ya komo daga Zariya ko Kano da Ingilishi, ya ƙara da Faransanci. Harshen da ya koyo a waje kuwa kada ya yar da shi. Kamfanonin waje da ke aikin man fetur, da hanyoyi, da gine-gine suna neman tafinta.

Akwai kuma wani harshen da ba a koyar da shi a Rabat ko Mosko. Malamin gona da ya san sunan ƙwaro da Faransanci, amma bai san yadda manomi ke kiransa ba, iliminsa yana kulle cikin akwati. Sai ya zauna da mu ya koyi sunan ƙasa, jigawa ce ko fadama ko geza, da sunan ciyayi, da sunan cututtukan bisashe, da Hausa, ko Fulatanci, ko Zabarmanci, ko Barbarci, ko Buzanci. Mu ne malamansa a wannan aji.

Wanda bai samu kujera ba

Ba kowa ne zai samu albashi ba. Amma aiki yana nan zube a karkara. Tun farkon shekarun 2000 aka fara wani tsari inda likitan bisashe ke buɗe gidan maganinsa a gunduma, yana aiki da mataimaka cikin ƙauyuka da rugage, suna yin rigakafi, suna saida magani mai kyau. Makiyayan Dakwaro sun san wannan tsari. Famfunan hasken rana sun yawaita a garake, suna bukatar mai kafawa da mai gyara. Akwai noman iri mai inganci don saidawa. Akwai tara madara, da matsar man gyaɗa, da busar da tumatir da zogale, da ajiyar albasa har ta yi daraja.

Abin da yakan tsaida matashi shi ne jari. Akwai ƙofofin da ake bugawa. A majalisar ƴan kasuwa akwai wurin da ake yi wa sabon kamfani rajista a taga guda. A Yamai akwai cibiyar CIPMEN, wadda aka buɗe a 2014, mai renon ƙananan kamfanoni. Asusun FAFPA yana tallafa wa koyon sana'a. Asusun FISAN, na 2017, da bankin manoma BAGRI suna taimakon ayyukan noma da kiwo. Amma duk suna son su ga shiri a rubuce, kuma suna son su ga an fara wani abu.

Nan al'adarmu ke da magani. Makiyaya sun san habbanaye: a ba wanda ba shi da kome karsana ko akuya, ta haihu a hannunsa, ya riƙe ɗiyan, ya maida uwar. Me zai hana a yi wa mai takarda haka? Dangi su ara masa garka guda shekara uku. Ƙungiyar manoma ta ara masa famfo. Matan adashe su ba ɗiyarsu kwasar farko. Wanda ya fara da kaɗan ya nuna amfani, banki ya fi saurin saurarensa.

Misalai biyu

An haifi Abdu Mumuni a Tasawa a 1929. Ya yi karatu a Damagaram da Yamai, sannan Senegal, sannan Paris, har ya zama babban masanin kimiyya. Ya ƙaro ilimi a Tarayyar Sobiyet, ya yi aiki a Mali. A 1969 ya komo gida ya riƙe ofishin binciken hasken rana. Ya duba abin da Allah ya ba ƙasarmu da yawa, wato rana, ya sa ta aiki. Shi da ma'aikatansa sun ƙera na'urorin dafa ruwa da na girki masu aiki da zafin rana. Tun 1964 ya rubuta littafi yana neman a koyar da yaran Afirka cikin harsunansu. Ya rasu a 1991. Shekara guda bayan haka aka sa wa jami'ar Yamai sunansa.

Misali na biyu mace ce, Mariyam Isufu Kamara. Ta yi karatun kwamfuta a Amurka, daga baya ta koyi zanen gine-gine. A 2014 ta buɗe ma'aikatarta a Yamai. A Dandaji, cikin jahar Tawa, ita da wata abokiyar aikinta ƴar ƙasar Iran sun tsara sabon masallaci, suka gyara tsohon ya zama gidan karatu. An gama a 2018. Da ƙasar wurin aka buga tubali, kuma maginan gargajiya suna cikin aikin. Tsohon masallacin kuwa aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin Yama, wanda masallacin garinsu ya ci babbar kyauta ta duniya a 1986. Ilimin waje da ilimin gida sun haɗu a bango guda.

Baƙin da ke karatu a wurinmu

Kamar yadda ɗiyanmu ke baƙunta a wani wuri, haka ɗiyan wasu ke baƙunta a nan. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, ta 1974, inda ɗiyan ƙasashen Sahel ke koyon yanayin sama, da ruwa, da kare shuka. Akwai makarantar EAMAC, mai koyar da aikin filin jirgin sama da hasashen yanayi. A Sayi akwai Jami'ar Musulunci, wadda aka buɗe a 1986, mai karɓar ɗalibai daga ƙasashe da dama. A Maraɗi akwai jami'a mai zaman kanta, mai sunan Maryam Abacha, ta 2013, inda ɗiyan Nijeriya da yawa ke karatu.

Su ma tafiya iri guda ke gabansu. Ɗan Nijeriya in ya koma gida, sai ma'aikatar ilimi ta ƙasarsa ta tantance takardarsa, sannan ya yi bautar ƙasa ta shekara guda, wadda aka kafa can a 1973. Baƙon da ke so ya zauna ya yi aiki a Nijar, sai an kai yarjejeniyar aikinsa ANPE ta amince. Jami'o'inmu su taimake su da ba da takardu cikin lokaci, da sama musu wurin sitaj. Mu kuma, in sun zo gonakinmu da littafi da alƙalami suna tambaya, mu ba su ruwa, mu ba su amsa ta gaskiya. Baƙonka annabinka. Wanda muka karɓa da kyau yau, gobe yana iya zama mai duba takardar ɗanmu a ƙasarsu.

Namu aikin

Ga abin da ya rage gare mu.

Mu yi haƙuri. Daga komowa zuwa samun aiki akan ɗauki lokaci. Gori ba ya kawo aiki, sai dai ya kori yaro daga gida. Kada mu ɗora masa aure da biki tun bai tsaya da ƙafarsa ba.

In ya shiga gona ko garke, kada mu yi masa dariya, mu ce duk karatun nan a hauya ya ƙare. Mu ba shi kusurwar gona ya gwada abin da ya koyo. In ya yi kyau mu ɗauka, in bai yi ba mu nuna masa dalili. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ƙungiyoyin manoma, da bankunan cimaka, da ƙungiyoyin makiyaya suna bukatar mai riƙe littafin kuɗi, da mai rubuta takardar neman tallafi, da mai nemo kasuwa. Su ɗauki ɗiyan gari, su biya su ko da kaɗan ne. Magadan gari da sarakuna su san yawan masu takarda na ƙasarsu, da abin da kowa ya koya. In wani aiki ya zo yankin, a fara tuna su.

Ɗiya mace da ta yi karatu, a bar ta ta yi aiki. A yi wannan magana tun wajen neman aure. Matanmu sun fi sakin jiki da likita mace, da malamar gona mace.

Waɗanda suka riga suka samu aiki, a gida ko a waje, su riƙe hannun na baya. Su faɗa musu makaranta mai kyau, su nuna musu ƙofa, su karɓe su sitaj.

Ku kuma ɗiyanmu masu takarda, ku sauko ku zauna bisa tabarma da iyayenku. Kada ku raina ƙaramin aiki. Wanda ya saida sansa don ku yi karatu yana da hakki a kanku, kuma ya san abubuwan da ba a rubuta cikin littafi ba.

Iri da aka kawo daga wata ƙasa, kome kyawonsa, sai an shuka shi a ƙasarmu, an yi masa noma, an jira shi, kafin ya shiga rumbu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a tattauna a dandali da wurin karatun manya. Allah ya yi wa ɗiyanmu albarka, ya ba mu damina mai kyau, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.